Kalmar "run": haruffa uku, ma'anoni 645

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya zauna a ajin Turanci na firamare an koya masa cewa "run" na nufin gudu, kuma malamin bai yi kuskure ba, sai dai wannan ma'ana ɗaya ce tak daga cikin ɗaruruwa.

A bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford, wanda ya fito a 1989, kalmar "set" ce ta fi kowace yawan ma'anoni, domin an lissafa mata 430. Da aka zo sabunta ƙamus ɗin, masani Peter Gilliver ya shafe wata tara yana aiki a kan "run" kaɗai, kuma a 2011 aka bayyana cewa ya tattaro mata ma'anoni 645, a matsayinta na aikatau kawai.

Idan Bature ya ce "the river runs", yana nufin kogi na gudana, wanda bai yi nisa da gudun da muka sani ba. Idan ya ce "the engine is running", to injin yana aiki ne, alhali yana kafe a wuri ɗaya. Mai tafiyar da kamfani, da ɗan siyasar da ya tsaya takara, da jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa, da manhajar da ke aiki a kwamfuta, har da hancin da mura ta sa yake yoyo, duk da wannan kalma ake bayyana su. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne motsi mai ɗorewa, kuma da injuna suka yawaita a Ingila, daga baya kwamfuta ta zo, sai aka riƙa jingina musu ita.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda shi ma yana cin tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci kasuwa, kuma bai taɓa rikicewa ba, saboda kalmar da ke biye ita ke fayyace nufi.

Inda ɗalibai suka fi shan wahala, a ganina, shi ne wurin da ƙaramar kalma ta biyo bayanta. "Run out of" na nufin abu ya ƙare wa mutum, kamar kuɗi ko man fetur. "Run into" na nufin yin kaciɓis da wani ba zato, amma "run over" na iya nufin take shi da mota. Saboda haka idan kun buɗe ƙamus, kada ku tsaya a ma'anar farko. Ku gangara ƙasa har sai kun ga "run" tare da kalmar da ta biyo ta a jimlar da kuke karantawa.