Kifin Dutse: Dafin da Ke Kwance a Gabar Ostareliya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga birnin Cairns na jihar Queensland a Ostareliya nake magana da ku, kuma har yanzu tsikar jikina ba ta kwanta ba saboda abin da na gani a gidan adana kifaye. Duwatsu kawai nake gani jibge a ƙasan ruwa, gansakuka ta lulluɓe su, sai ga ɗaya daga cikinsu ya juya ido. Ashe kifi ne, wanda masana ke kira Synanceia, mutanen nan kuwa suna ce masa kifin dutse, kuma ana lissafa shi a sahun gaba na kifayen da suka fi dafi a duniya.

Ku dube shi da kyau. Ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye, fatarsa duk ƙuraje ce masu kaushi, bakinsa yana kallon sama, idanunsa ƙanana a bisa kai. Tsawonsa yakan kai santimita 30 zuwa 40. Da manyan fukafukan gefensa yake tona yashi ya binne rabin jikinsa, sannan ya yi lamo, ba ya farauta, jira yake yi. Idan ƙaramin kifi ko jatan lande ya gifta, yakan zuƙe shi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, dafin nan ba na neman abinci ba ne, na kare kai ne kawai. Ƙayoyi 13 ne jere a gadon bayansa, kowace da jakunkunan dafi biyu a gindinta, kuma nauyin ƙafar wanda ya taka shi ne yake matse dafin ya shige nama. Wato mutum da kansa yake yi wa kansa allurar. Ni da nake alfahari da cewa harbin kunama bai taɓa sa ni kuka ba, yau na yi shiru, domin raɗaɗin wannan yana iya sumar da ƙato, ya kumbura ƙafa, ya taɓa numfashi da zuciya.

Mazauninsa ruwa ne marar zurfi mai ɗumi, tsakanin murjani da duwatsu da bakin koguna, daga tekun Indiya zuwa Fasifik, har da Bahar Maliya. Idan ruwa ya janye ya bar shi a tudu, yana iya kai kusan yini da kwana yana raye, saboda haka dutsen da ke kan yashi ma ba abin amincewa ba ne.

Ni dai na sayi takalmin shiga ruwa mai kaurin tafi, dala talatin ta Ostareliya, ban ma tsaya ciniki ba. Ina gargaɗinku, kada ku shiga ruwan nan ba takalmi, kada ku ɗauki dutsen da ba ku san shi ba, kuma ku riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗaga ta. Wanda tsautsayi ya faɗa masa, a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, domin zafi yana rage raɗaɗin, sannan a kira 000, lambar neman agajin gaggawa ta Ostareliya, nan take. Tun 1959 aka samar da makarin dafinsa a ƙasar nan, kuma a asibiti ake yin allurarsa, ba a bakin teku ba.