Laccar da aka gabatar kan haɗa layukan wutar lantarkin Afirka ta Yamma

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo, in shugaban taro ya bar ni, don na ga tun ban fara ba yana leƙen agogo.

Na farko tarihi ne, ba zan daɗe ba. A 1999 shugabannin ECOWAS suka amince a kafa tsarin da ake kira WAPP, a haɗa manyan layukan wuta na ƙasashe 14, mai rara ya sayar wa wanda tasa ta gaza. Hedikwatarsa na Kwatano. Amma tun 1976 akwai layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, akwai kuma wanda ya tashi daga Katsina yana ciyar da Maraɗi da Damagaram.

To ga na biyu, a nan nake so ku ba ni kunnenku. Mutane na ɗauka in an ja waya daga wannan ƙasa zuwa waccan, shi ke nan aiki ya ƙare. Ina! Wutar da ke cikin wayar nan kai-komo take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa. Sau 50, ku riƙe lambar. Duk injin da ke kan layi, na Kainji ne ko na Akosombo a Ghana, tilas juyinsa ya zo daidai da wannan bugun. Kamar lugude ne: mata uku a turmi ɗaya, in ɗaya ta yi gaggawar sauke taɓarya sai a yi karo. Idan masu jan wuta suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, injuna sai su yi nauyi, bugun ya sauko 49, ya nufi 48. Daga nan na'urorin kariya su fara cire injuna don kada su lalace. Wannan ya fita, nauyinsa ya faɗa kan na kusa, shi ma ya fita. Kafin ka ce kwabo ƙasa ta yi duhu. Malam na gaba yana dariya, ai kowa a ɗakin nan ya sha gani!

Yanzu ku ce kai ne maƙwabci. Za ka yarda ka ɗaura layinka da na wanda bugunsa ba ya zama wuri ɗaya? Shi ya sa aka yi shekaru Najeriya da Nijar na bugawa daban, Ghana da Kwaddibuwa da Burkina Faso daban. Amma in aka daidaita, ribar babba ce: layi mai ɗauke da injuna da yawa, in ɗaya ya mutu da ƙyar sauran za su ji. Cibiyar WAPP da aka gina a Kalavi ta Benin, sa ido a kan wannan lambar na cikin manyan ayyukanta. Sau 50.

Na huɗu... na uku ne? To, ko na nawa ne. Akwai aikin gina sabon babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil. Akwai wanda ya haɗa Kwaddibuwa da Laberiya da Saliyo da Gini. Sai batun bashin kuɗin wuta, wannan lacca ce mai zaman kanta.

(Wata daga cikin mahalarta ta tambaya: bayan yanke wa Nijar wuta, wa zai ƙara yarda?)

Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta katse wutar, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi daga can yake zuwa. Sai a 2024 aka mayar. Ni a ganina an yi wa tsarin illa. Duk ƙasar da ta ga haka za ta fi son nata na kanta ko da ya fi tsada, kuma Nijar na gina madatsar Kandaji mai megawat 130. Akwai hukumar ERERA a Akara mai kula da dokokin cinikin, amma ba ta da ikon hana shugabanni sa takunkumi. Ga shi kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wayoyin kuwa suna nan a ɗaure.

Ranka ya daɗe, na ga hannunka. Mai tambaya ta biyu ya same ni a waje.