Ali Brigginshaw: yarinyar da aka ce ta bar ragbi tana shekara 12

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yau Ostireliya za mu leƙa, wajen wata 'yar wasan ragbi lig da ake ce ma Ali Brigginshaw, kuma kar sunan ya ruɗe ku, mace ce.

Ga wanda bai san ragbi lig ba, mutum 13 ne kowane ɓangare, ƙwallon ma ba zagaye take ba, kamar ƙwai take, kuma da hannu ake gudu da ita amma ba ka da ikon jefa ma ɗan'uwanka ita gaba, sai dai baya. In aka kayar da ku sau shida ba ku ci ba, shikenan ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. To a nan ne aikin mai lamba 7 yake, ita ke ƙirga kayen a ranta, ita ke cewa a yi dama ko hagu, in an zo na biyar kuma ita za ta ɗaga kai ta ga inda fili yake ta buga ƙwallon da ƙafa can bayansu. Wannan aikin Ali ta fi shahara da shi.

An haife ta a Ipswich ta jihar Queensland a 1989, mahaifinta Larry shi ma ɗan wasa ne. Tana ƙarama da maza take bugawa, sai da ta kai shekara 12 aka ce doka ba ta yarda ta ci gaba da su ba, kuma babu ƙungiyar 'yan mata da za ta koma. Wallahi nan ne abin ya fi taɓa ni, yarinya ta iya abu, tana son shi, a ce mata ta koma gefe.

Amma ta dawo. A 2009 ta fara buga ma Queensland da kuma ƙungiyar mata ta ƙasarta, wadda ake ce ma Jillaroos. A 2013 suka ɗauki kofin duniya a Ingila, suka doke New Zealand wadda ita ta cinye duk kofunan baya. A 2015 ta karye a ƙafa, ta yi jinya, ta sake dawowa, 2017 a Brisbane suka kuma ɗagawa da ci 23 da 16, ita aka zaɓa gwarzuwar wasan ƙarshe.

Duk wannan fa babu gasar ƙwararru ta mata, da yawansu aiki suke zuwa da rana su yi atisaye da yamma a gajiye. Sai 2018 aka buɗe gasar mata ta NRLW da ƙungiya huɗu kacal, lokacin tana da shekara 28, shekarun da wasu sun fara tunanin ajiye takalmi. Brisbane Broncos suka ba ta kyaftin, ta ɗaga kofi a 2018 da 2019 da 2020 a jere, a 2020 ɗin ma ita ta karɓi kyautar Dally M ta gwarzuwar shekara, ta kuma jagoranci Queensland suka doke jihar New South Wales a State of Origin, karawar da jihohin biyu ke yi duk shekara.

Ni abin da nake so ku lura da shi in kuna kallon wasanta, ku daina bin ƙwallo da ido, ita za ku kalla kafin ƙwallon ta iso hannunta, tana nuni da yatsa tana jera mutane kamar mai tsara sahu. A 2022 a Old Trafford, filin Manchester United ɗin da kuka sani, haka ta tsara Jillaroos suka lallasa New Zealand 54 da 4 a wasan ƙarshe, kofin duniyarta na uku ke nan, tana da shekara 32.