"Malama, Zan Gaya Miki Wani Abu, Amma Kada Ki Gaya Wa Kowa"

[Hoto: an tashi daga makaranta, yara na rige-rigen fita. Wata yarinya ta tsaya a bakin aji tana murza gefen rigarta.]

Akwai tambaya ɗaya da malamai da iyaye kan yi. Idan yaro ya zo ya ce zai faɗa maka wani abu, amma sai ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, ka yi alkawarin ko kada ka yi? Da yawa sun ce a yi, wai don yaron ya saki jiki. Niyyarsu mai kyau ce, amma amsar ita ce kada a yi. A kan mintuna 5 na farko bayan yaro ya zo da irin wannan magana za mu daɗe yau.

[Hoto: ƙofar aji mai tagar gilashi, littafin sunayen masu ɗaukar yara, mai gadi a bakin ƙofa.]

Sauran matakan kare yara a makaranta kun san su, bari mu bi ta kansu da sauri. Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗakin da aka rufe. Ba a miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikin littafin masu ɗauka, ko da ya zo da fara'a da sunan mahaifin yaron a bakinsa. Duk wanda za a ɗauka aiki a binciki tarihinsa, har direba da mai shara. Makaranta ta naɗa mutum ɗaya da ake kai wa rahoton kare yara, kowa ya san shi. Sashe na 19 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 1989, ya wajabta kare yaro daga kowane irin cin zarafi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa yara masu shekara 2 zuwa 17 da ake cin zarafinsu ko a yi sakaci da su a shekara guda suna iya kaiwa biliyan 1.

[Hoto: malama ta ajiye tarin littattafai, ta durƙusa daidai tsayin yarinyar.]

Mu koma kan yarinyar nan. Yara ba sa duba agogo, sai hannunki cike da littattafai za ta zo. Ajiye su. Ki rage tsawo, ku zauna inda ba a jin maganarku amma ana ganinku.

Me ya sa ba za ki yi alkawarin ba? Domin hanya biyu ce kawai a gabanki bayan kin yi shi. Ko ki cika, cutarwar ta ci gaba da saninki. Ko ki saɓa, yarinyar ta gane cewa babbar da ta fi yarda da ita ma ta yaudare ta, daga ranar ta kulle bakinta. Sannan ki tuna, mai cutar da yaro da kalmar sirri yake ɗaure shi: "wannan tsakaninmu ne." Idan ke ma kika ce "tsakaninmu ne", igiyarsa kika ƙara wa ƙulli.

Ga abin da za ki ce a maimakon haka.

[Rubutu a allo, murya na karantawa a hankali.]

"Ina jin ki, 'yata. Ba zan yaɗa maganarki ba. Amma idan wani yana cutar da ke, dole in gaya wa wanda zai taimake mu, kuma zan faɗa miki ko wane ne."

Nan ne mutane ke tsorata: to idan ta ji haka ta fasa fa? Tana iya fasawa. Kada ki matsa, kada ki lallashe ta da kyauta. Ki ce mata duk lokacin da ta shirya kina nan. Sai ki rubuta abin da ya faru ki kai rahoto a ranar, domin zuwanta da wannan buƙatar ma labari ne. Yara kan gwada babba da ƙaramar magana, su ga yadda ya karɓa, kafin su kawo babbar.

[Hoto: fuskar malama kusa-kusa, a natse.]

Idan ta fara magana, fuskarki take karantawa. Kika dafe ƙirji kika rafka salati, kika fashe da kuka, a ranta za ta ce na jawo masifa, sai ta janye. Kukan yana nan zuwa, ki ajiye shi sai kin keɓe.

Tambaya kuwa, kaɗan ta isa. "Gaya mini abin da ya faru." "Sai me ya faru bayan nan?" "Akwai saura?" Daga nan ki yi shiru ki bar ta, ko shirun ya yi tsawo.

Abin da ke ɓata magana shi ne sa wa yaro amsa a baki. Misali, ki ambaci sunan wani ki ce, "Shi ne ya taɓa ki, ko?" Gwada tambayar ɗan shekara 3, "Yau ka ga giwa a hanya, ko?" Wani zai gyaɗa kai, har ya ƙara maka da launinta! Ba ƙarya yake nufi ba, yana son faranta wa babba ne. Haka kuma idan kika maimaita tambaya ɗaya sau biyu, sai ya ɗauka amsarsa ta farko kuskure ce, ya canza. Gobe idan magana ta je kotu, wannan canjin za a riƙe a ce yaron ba shi da tsayayyar magana, alhali tambayar babba ce ta karkata shi.

Ki guji "me ya sa". "Me ya sa ba ki faɗa tuntuni ba? Me ya sa kika bi shi?" A kunnen yaro wannan tuhuma ce. Ki ce, "Kin yi daidai da kika faɗa. Ba laifinki ba ne." Kada ki zagi wanda ta ambata, kada ki ce za ki sa a ɗaure shi. Mafi yawan masu cutar da yara mutanen da yaran suka sani ne, wani lokaci ma suna ƙaunarsu. Yarinyar so take abin ya tsaya, tana kuma tsoron a ce ita ta tarwatsa gida.

[Hoto: hannu na rubutu a takarda, ana ganin kwanan wata a sama.]

Tana tashi, ki rubuta kafin ki yi magana da kowa. Kwanan wata, lokaci, wuri, wanda ke kusa. Kalmominta yadda ta furta su, ko da sunan wasa ta kira wani sashe na jikinta, kada ki gyara mata. Ki rubuta tambayoyinki ma. Abin da kika gani daban, abin da kike zato daban. Ki sa hannu.

Idan akwai tabo a inda ido ke gani, ki bayyana wurinsa da girmansa da launinsa. Kada ki cire mata kaya, kada ki ɗauki hoto da wayarki, wannan aikin likita ne. Ƙujewa a ƙwauri ko goshi abin yau da kullum ne ga yaro mai guje-guje. Amma kwanciyar jini a kunne, wuya, ciki ko baya ga ɗan ƙasa da shekara 4, ko a ko'ina a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, na buƙatar likita ya duba.

[Hoto: malama ta miƙa takardar a ofis, an rufe ta a aljihun tebur mai makulli.]

A ranar za ki miƙa wa wanda aka naɗa. Idan shi ne ake zargi, ki tsallake shi zuwa hukumar kula da walwalar yara ko 'yan sanda. Kada ki tunkari wanda ake zargi, kuma don Allah kada a gurfanar da yarinyar gabansa a ce ta maimaita. Kada maganar ta shiga rukunin WhatsApp. Idan wanda ta ambata a gidansu yake, ki nemi shawarar hukuma kafin ki kira gida.

Idan fyaɗe ne kuma bai daɗe ba, asibiti nan take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kada a yi mata wanka, kada a wanke kayan da ta sa. A saka su a jakar takarda, domin leda na riƙe danshi ya lalata shaida.

[Hoto: washegari, yarinyar a kujerarta tana zane, malama ta wuce ta yi mata murmushi.]

Washegari ki bar ta a kujerarta, cikin ƙawayenta, kada a yi ta kiranta ofis tana maimaita labari. Wataƙila bayan kwana biyu ta zo ta ce, "Malama, wasa nake yi." Hakan na faruwa idan yaro ya ga hankalin manya ya tashi, ko an tsorata shi. Kada ki yi mata faɗa, kada ki yaga takardar farko. Ki rubuta wannan ma, da kwanan wata da kalmominta, ki kai inda kika kai waccan.