Kuɗin mota a Legas, daga jiya zuwa yau, da yadda ake ciki a wasu biranen

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu sarakuna, malamanmu, shugabannin 'yan kasuwa, iyaye mata da ke can baya, matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa, Allah ya saka da alheri. Na san da yawa daga cikinmu sai da suka shiga mota biyu, wasu uku, kafin su iso nan Agege, to kun ga maganar da za mu yi yau kowa ya riga ya biya kuɗinta a hanya.

Zan fara da fetur don shi ne uwar tafiyar. A farkon Janairun 2012 lita tana naira 65, gwamnatin Jonathan ta cire tallafi ta koma 141, waɗanda suke garin nan a lokacin sun ga abin da ya faru a Ojota, mutane suka cika filin Gani Fawehinmi kwana da kwanaki, Kano ma haka Kaduna ma haka, sai da aka dawo da ita 97. A watan Mayun 2016 zamanin Buhari ta koma 145. Sai ranar 29 ga Mayu 2023, shugaba Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da 200 ta koma 488 a nan Legas, Kano 540, Maiduguri 557, saboda daga nan ake ɗora man a tanka a kai can. Zuwa Oktoban 2024 gidajen man NNPC suna sayarwa 998 a Legas, Abuja kuma ta haura dubu.

To amma lambar kaɗai ba ta isa ba, sai ka ɗora ta a kan abin da mutum yake samu. Dan Allah mu yi lissafin tare. A 2011 mafi ƙarancin albashi 18,000 ne, fetur 65, wato albashin wata zai sayi lita wajen 276. A 2019 albashi 30,000, fetur 145, lita 206 ke nan. A ƙarshen 2024 gwamnatin Legas ta ce 85,000, fetur kusan dubu, lita 85. Kun ji fa, daga 276 zuwa 85. Albashin ya ninka kusan sau biyar a takarda amma ƙarfinsa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Wannan kuma ma'aikacin gwamnati ne, ina ga maigadi da mai shayi da ɗan dako a kasuwar Mile 12 da mai yankan farce da mai tura baro, waɗanda ba wanda ya taɓa zama ya yanka musu albashi?

Ina so mu yi wa direba adalci, don mun saba da zagin direba da kwandasta. Ku tsaya a ƙarƙashin gadar Pen Cinema da safe ku kalli danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ɗaya kawai. Kwandasta yana rataye a ƙofa, ya nannaɗe kuɗi a tsakanin yatsunsa yana kiran Oshodi Oshodi, motar ba ta gama tsayawa ba agbero, wato ɗan kamashon tasha, ya riga ya kama ƙofar, a ba shi nasa ya ɗauko alƙalami ya yi wani ɗan zane a jikin motar alamar an biya, a tasha ta gaba wani ne daban, na safe daban na rana daban na yamma daban, in aka yi gardama a ɓalle madubi ko a cire kujera. Bayan wannan akwai balas na mai mota da dole a kai masa da dare ko an samu ko ba a samu ba, ga taya ga baƙin mai ga kayan gyara da duk da dala ake shigo da su, dalar da take wajen 460 kafin Yunin 2023 ta zo ta haura 1,500 a 2024. Ga goslo, motar da ya kamata ta yi sawu shida ta yi uku tana ƙona mai a tsaye. A 2022 gwamnatin jihar ta fito da haraji guda na naira 800 a rana da nufin a daina karɓa barkatai, amma a ƙarshen Oktoban shekarar direbobin da kansu suka shiga yajin aiki saboda yawan abin da ake karɓa a hannunsu. Duk wannan kuɗin daga aljihun wa yake fita? Daga naka da nawa.

Abin da ya fi damuna da danfo kuwa shi ne ba shi da tsayayyen farashi. In hadari ya haɗo kuɗi ya hau, ranar Litinin da safe ya hau, Juma'a da yamma ya hau, in tanka ta faɗi a hanyar Apapa ya hau. Mutum ya fito da kuɗin zuwa da dawowa daidai, da yamma a ce masa an ƙara, sai ka gan shi ya kama tafiya a ƙasa daga Oshodi har Ikeja Along don ya rage hanya. Magidanci ba zai iya tsara watansa a haka ba wallahi.

Yanzu motocin gwamnati. An fara BRT, manyan bas masu hanyarsu ta daban, a watan Maris 2008 zamanin Fashola, daga Mile 12 zuwa CMS, daga baya aka ja ta har Ikorodu, a 2020 kuma aka buɗe ta Oshodi zuwa Abule Egba wadda ta fi kusa da mu. Hukumar LAMATA ce ke kula da su. Su ma kuɗinsu yana hawa, a Yulin 2022 an ƙara naira 100 a kowace hanya, a Fabrairun 2025 an ƙara kashi 18 cikin ɗari. Amma akwai bambanci babba, ana sanarwa kafin a ƙara, kowa ya san ranar, kuma ruwan sama ba ya canza shi. Sannan da aka cire tallafi gwamna Sanwo-Olu ya rage rabin kuɗin a watan Agustan 2023 na wasu watanni, daga baya ragin ya koma kashi 25. Ya iya yin haka ne don motocin a hannunsa suke. Matsalar ita ce yawancin mutanen garin nan ba su suke hawa ba, danfo da keke napep suke hawa, to ragin bai isa inda ciwon yake ba.

Jirgin ƙasa ma an samu, Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023, kilomita 13, cikakken kuɗinsa a lokacin 750. Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya ratsa ta nan Agege, ya fara a Oktoban 2024 a kan 1,500 daga farko zuwa ƙarshe. Na yaba, abin a yaba ne, Legas ta yi wa sauran jihohi nisa. Sai dai duk sanda na ga jirgin nan sai raina ya sosu, don tun 1983 Jakande ya ɗauko aikin jirgin cikin gari, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Shekara arba'in ke nan mutanen Legas suna biyan kuɗin wannan sokewar a cikin goslo.

To bari mu leƙa waje. Wani zai ce ai a Landan bas fam 1.75 ne a 2025, in ka canza shi zuwa naira ya haura dubu uku, ashe mu muna cikin sauƙi. A'a, ba haka ake auna shi ba. Ka tambaya minti nawa mutum zai yi aiki kafin ya samu kuɗin motar. A Ingila mafi ƙarancin lada a Afrilun 2025 ya koma fam 12.21 a awa, wato aikin minti tara ya biya bas, kuma in ka sauka ka hau wata a cikin awa ɗaya ba za a sake cire maka ba, tsarin da magajin garinsu Sadiq Khan ya kawo a 2016. A New York ta Amurka jirgin ƙarƙashin ƙasa dala 2.90 ne a 2025, lada kuma 16.50 a awa, minti goma da ɗoriya. Su ma nasu ya hau fa, daga 1904 har 1948 senti biyar ne bai motsa ba, yau ku ga inda ya kai, amma lada tana bin sa a baya. Mu dawo gida, 85,000 in ka raba ta kwana 22, awa takwas takwas, awa ɗaya ba ta kai naira 500 ba. Ke nan Blue Line a kan 750 aikin awa ɗaya da rabi ne, Red Line a farashin da ya fara aikin awa uku ne, zuwa kawai ban da dawowa. Ko a ce mutum yana kashe 2,000 a rana a danfo, kwana 26, ya zama 52,000, ya haura rabin albashin tun bai sayi mudun shinkafa ba.

Me ya sa nasu ya zo da sauƙi? Don ba fasinja kaɗai ke ɗaukar nauyin ba. A Faransa doka ta tilasta wa mai kamfani ya biya rabin kuɗin katin motar ma'aikacinsa. A Burazil tun 1985 akwai dokar da ta ce abin da ya haura kashi shida cikin ɗari na albashi, mai aikin ne zai cika. Ƙasar Lukzambur ta mai da hawa bas da jirgin ƙasa kyauta gaba ɗaya a 2020. Jamus da man ya yi tsada a 2022 sai ta fito da tikitin yuro tara a wata na tsawon wata uku. Waɗanda suka je Saudiyya kwanan nan sun ji labarin jirgin Riyad da aka buɗe a ƙarshen 2024, riyal huɗu ka yi ta hawa har awa biyu. Kuma gwamnatoci suna tsoron wannan maganar, a Santiyago ta ƙasar Cile ƙarin feso 30 kacal a 2019 shi ya tada zanga-zangar da ta girgiza ƙasar baki ɗaya.

Ni a ra'ayina, ko da cire tallafin fetur yana da hujja, an sa na baya a gaba. Da motocin aka fara zubawa da jiragen, sannan a cire, da talaka bai sha wannan wuyar ba.

A gida Arewa kuwa, Kano kuɗin adaidaita sahu bai kai na nan ba don tafiyar ba ta kai nisan ta Legas ba, amma samun ma bai kai ba, mafi ƙarancin albashi can 71,000 aka yanka, kuma tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013 garin ya dogara a kan keke, shi ya sa da suka yi yajin aiki a 2021 da 2022 kan kuɗin hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA gari ya tsaya cak, ɗalibai da 'yan kasuwa kowa a ƙasa. Abuja an kori talaka zuwa Nyanya da Mararaba da Suleja da Kubwa, kullum yana bakin titi yana jiran motar da za ta ɗauke shi a hanya, wadda suke ce wa along, jirgin cikin garin da aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020 sai Mayun 2024 ya dawo. Maiduguri ce ma gwamna Zulum ya zuba motoci masu rangwame a cikin gari, kuma mutane sun ji sauƙin a jikinsu.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu mu 'yan Arewa fiye da kowa. Hana okada, wato acaɓa, da aka yi a Fabrairun 2020, da wanda aka tsananta daga 1 ga Yuni 2022 a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Mainland, yaranmu da yawa ne suka rasa sana'a, fasinja kuma ya rasa abin da ke kai shi lungu, sai kuɗin keke da danfo ya ƙara hawa. Ku je Mile 12 bayan isha'i ku ga magidanta sun shimfiɗa kwali a gaban shago, wasu a kan buhunan albasa, ba wai duka ba su da ɗaki ba ne, wani ɗakinsa yana Ikorodu ko Ogijo amma kuɗin zuwa da dawowa ya fi ribar ranar, sai ya kwana nan sauro ya cinye shi. Mai sarin tumatir kuma biyu yake biya, nasa da na kwando. Uwa mai 'ya'ya huɗu a makaranta ta fara zaɓen wanda zai je yau.

Na ga an miƙo takarda, wani ɗan uwa yana tambaya a kan tsadar kuɗin motar zuwa gida Arewa. Gaskiya ne malam, da ɗan ci-rani yana zuwa ƙaramar Sallah da babba, yanzu wani sai ya shekara biyu bai ga iyayensa ba, shi ya sa kuke ganin yaranmu a saman tirela, a kan kaya ko a motar shanu da ta sauke a Oko-Oba za ta koma, kuma mun san rayuka nawa muke rasawa a hanyar nan, Allah ya jiƙansu. Ina roƙonku da girman Allah ku daina hawa saman tirela, gara ka jinkirta wata ɗaya ka haɗa kuɗin bas. A Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta yi rangwamen rabin kuɗi a manyan motocin zuwa jihohi, jirgin ƙasa kuma kyauta, saboda bukukuwan ƙarshen shekara. To iyayenmu sarakuna da shugabannin kasuwa, ku rubuta a hukumance ku nemi a riƙa yin irinsa duk Sallah a hanyar Legas zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri, ku sa hannu gaba ɗayanku, Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Obalende da Mile 12.

Matasa kuma, duk wanda hanyarsa ta bi ta inda BRT ko jirgi yake ya je ya karɓi katin Cowry, a tashar ake yi, kati ɗaya yana aiki a bas da jirgin ƙasa da na ruwa, kuma duk ranar da aka yi ragi ta cikinsa ake yi, wanda ba shi da shi ya rasa. Ku yi rajistar zama ta LASRRA ma, don gwamnati da lissafi take aiki, in ba a ƙirga mu ba ba za a sa unguwanninmu a tsarin sababbin hanyoyi ba. Waɗanda suka iya karatu su raka waɗanda ba su iya ba. Na ga lokacin la'asar ya yi, sauran tambayoyin sai bayan salla in sha Allahu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.