Giwar Yankari da manomin bakin daji

Wannan Yankari ke nan, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 2,200. Nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya yake, ga ɓauna, ga gwanki, ga 'yan zakunan da ba su taka kara sun karya ba.

To amma dajin ba shi da katanga, giwa kuma ba ruwanta da iyaka.

Da rani tana gefen Kogin Gaji, kusa da ruwa. Da zarar damina ta yi nisa, masara ta fara bunƙasa, dawa ta fitar da kai, sai garke ya nufi gonakin ƙauyukan da ke kewaye, irin na ƙasar Duguri. Babbar giwa kan ci abin da ya kai kilo 150 a rana. Ku ƙiyasta garke guda a gonar mutum ɗaya, dare ɗaya. Gari na wayewa ya tarar da karan dawa kwance, ƙasa duk sawu. Wanda aka yi wa haka, in mafarauci mai neman haure ya zo tambayar inda garken ya bi, kuna ganin zai ɓoye masa?

Giwa kuwa wata 22 take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa. Kowace aka harbe, sai an yi shekaru kafin a maye gurbinta.

Shi ya sa ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ke aikin kare dajin tare da gwamnatin jiha, ta ɗauki mutane daga cikin ƙauyukan ta mai da su masu sa ido kan giwaye. Ɗan gari ne, ya san kowace burtali. Yana ganin sabon kashi ko karyayyen reshe sai ya buga waya, ma'aikatan daji su zo a kora garken kafin ɓarna ta yi yawa. An kuma ɗaura wa wasu giwayen na'ura a wuya, tauraron ɗan adam na nuna inda suke. Na'urar na da amfani, amma ba ita za ta faɗa maka wane baƙo ya kwana a gari da bindiga ba.

Haka zancen yake a kan itatuwa. Madobiya ta sha sara saboda kasuwar katako ta Sin, har aka sa ta cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya mai ƙayyade cinikin namun daji da tsirrai, daga 2017. Kawo da marke kuwa gawayi ke cinye su a hankali. Mai injin yankan itace ba ya shiga daji a ɓoye, ƙararsa har cikin gari ake ji, motarsa kuma ta ƙofar gidan mai unguwa take wucewa. Inda mai unguwa da matasa suka tare hanya suka nemi takardar izini, direba juyawa yake yi.