"Ba komai" ɗin nan da muke cewa, akwai komai fa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau ba siyasa za mu taɓa ba, ba kuma kuɗin buhun shinkafa ba, magana ce kan ƙananan abubuwan nan da mutane ke yi mana kullum su ɓata mana rai, mu kuma mu washe baki mu ce ba komai, alhali cikinmu kamar a ƙyasta ashana.

Bari in fara da abin da yas same ni. Na je tasha a Birnin Kebbi zan tafi Yauri, cikin watan Afrilu, wanda ya san Kebbi ya san mi ake nufi da Afrilu, zafi na haura digiri 40, kujerar mota kamar an sauke ta daga murhu. Mota ta cika, saura wani Alhaji da ya biya kuɗin gaba ya aje jakarshi kan kujera yac ce bari shi sayo ruwa yanzun nan. Minti 10, minti 20, ɗan kamasho na ta kiran shi a waya shina cewa ga ni nan kusa, wata baiwar Allah a baya jinjirinta na ta tsala kuka tana mishi fifita da bakin mayafi. Sai da anka share minti 40 sannan yaz zo, da ƙunshin tsire a hannu, shina sakace. Ya leƙo yac ce "ku yi haƙuri fa jama'a", mu duka kamar an haɗa baki, "ba komai Alhaji". Har da ni, ni da nake ta ƙunƙuni tun ɗazu.

To ku tsaya mu yi lissafi, don a nan sirrin abin yake. Mu 6 ne ke jiran shi har da direba, kowa minti 40, in ka haɗa minti 240 ke nan, awa 4 cur na rayuwar mutane ya saya da tsire guda. Shi daɗin duk ya tafi cikinshi shi kaɗai, wahalar kuwa an raba mana ita kashi shida, kason kowa bai kai a ɗaga murya a kai ba balle a yi faɗa. Haka kusan duk waɗannan halaye suke tafiya in kun lura. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma irin wanga tsuntsun ya iya ja ya koma inuwa, mu ne ake doka. Kuma da yake babu wanda yac ce mishi kanzil, gobe ma zai sake, don a wurinshi an gwada an gani, mutane ba su damu ba.

Mi ya hana mu magana? Kara. An raine mu da kara da alkunya, kada ka kunyata babba, kada ka tsinka mutum a cikin jama'a, kuma ni ban ce wannan tarbiyya ba ta da kyau ba, ita ta sa unguwa ke zaune lafiya. Sai dai kara abu ne da ake yi wa juna, ni in yi maka kai ma ka yi mani. In ɓangare guda ne kullum ke yi, ɗayan na karɓa, to wannan ta tashi daga kara ta koma haraji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da sunka ce kunyar mara kunya asara ce.

Mun kama hanya, ba mu kai Kalgo ba wanda ke gefena ya fiddo waya ya sa ta a sifika, shina ciniki da wani kan kuɗin taki, mu duka mun zama shaidu ba a gayyace mu ba, har sunan wanda ake bi bashi mun ji da unguwarsu. Daga Jega ya koma kallon bidiyo a TikTok, ƙara har ƙarshe, abin sawa a kunne kuwa na rataye a wuyanshi kamar laya. Ido in ba ka son gani ka rufe, kunne ba shi da murfi, shi ya sa hayaniya ta fi komai shiga rai, an tilasta maka ne. Luƙmanu ma cikin wasiyyar da ya yi wa ɗanshi, a aya ta 19 ta Suratu Luƙman, ya ce ka sassauta muryarka, aka kwatanta mafi munin sauti da kukan jakuna. Ni dai ban ce da kowa jaki ba, aya na tuna.

Waya kuwa fitinarta ba ta ƙarewa. Mai yi maka filashin sau bakwai, ka kira da katinka hankali tashe, ya ce dama gaisuwa ce. Mai turo saƙon murya na minti 9 a WhatsApp, minti 6 gaisuwa da ya gida ya yara ya zafi, maganar kanta tana can ƙarshe kuma ba ta wuce "kana gida?" ba. Tun 2021 da WhatsApp ya kawo damar ƙara saurin saƙon murya ninki biyu nake yi wa wanda ya ƙirƙiro shi fatan alheri.

Sai aro. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, in ƙanenka ko abokinka ya ari babur ya dawo da shi tanki a bushe sai ka yi tsaki kawai ka manta. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haye 1,000 a wurare da yawa. Amma halin bai canza ba, "Yaya ara mani mashin in je nan Badariya in dawo", sai bayan isha'i za ka gan shi, taya da laka har wuya alamar an je fadama, mai ya koma rizab, madubi guda ya karkace, ya miƙo maka makulli yana cewa "mashin ɗin nan naka yana son gyara fa". Wallahi wannan kalmar ta ƙarshe ta fi asarar man ciwo. Mai aron caja kuwa ba aro yake ba, gado yake ci da ranka.

Mu leƙa unguwa. Za a yi biki, a kafa rumfa a tsakiyar titi, a jera kujerun roba, a toshe lungu tun hantsi, babu wanda ya zaga ya ce wa maƙwabta ga abin da za mu yi ku gafarce mu, in mace na naƙuda a layin sai dai keke napep ya zagaya ta baya. Alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbai sunka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, cewa ya yi to ku ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙin da ya lissafa akwai kame cuta daga mutane. Kawar da abin cutarwa daga hanya ma an lissafa shi cikin rassan imani. Mu kuma mu ne masu zuba shi, ledar fiya wata ta tagar mota, shara cikin kwalbati da dare in ba mai gani, sai ruwan Agusta ya sauko lambatu ya toshe ruwa ya shiga ɗakin wanda ke gangare, wanda bai zubar da ko leda guda ba.

Janareta kuma ba ƙara kaɗai ba ce matsalarshi, wannan ku saurara da kyau. Mutum zai ture shi nesa da tagarshi don kada ya dame shi, ya juya bakin salansa saitin tagar maƙwabci. Hayaƙin nan akwai iskar guba a ciki wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, mutum na barci ba zai san tana shiga ba, alamar farko ciwon kai da jiri, in ta taru a rufaffen ɗaki kisa take yi. Wannan ba wurin ba komai ba ne, ko surukinka ne ka tashi ka buga mishi ƙofa.

Wata 'yar gajeruwa, mu da Allah ya ba Aliero da albasa. Hadisi ya zo cewa wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kada ya kusanci masallaci, saboda mutane na cutuwa da warin. Ku duba fa, wari kawai. To ina ga wanda ya faka mota ya datse ƙofar gidan mutane ranar Juma'a ya shige sahun gaba?

Amma wanda ya fi ci mani rai, wanda shi ya sa ma na zauna yin wanga bidiyo, shi ne gaggawar sa mutuwa a waya. Mutum zai cika a asibiti, ko rufe mishi ido ba a gama ba, wani da ke tsaye a bakin gado ya riga ya ɗora hotonshi a sitatus da Innalillahi. Da can in anka yi rasuwa, dattijo ake nema mai hankali, ya je gidan ya yi sallama ya zauna, ya fara da nasiha, ya duba wa ke da hawan jini wa ke da ciki, sannan a faɗa a hankali. Ta'aziyya na da ladabinta, sanarwa ma haka. Yanzu uwa na tsakar gida tana tankaɗe, 'yarta ta buɗe Facebook ta ƙwalla ƙara, haka za ta ji ɗanta ya tafi. Na san gidan da haka ta faru, tsohuwar faɗuwa ta yi a wurin, ranar gawa na gida ita tana gadon asibiti. Wanda ya ɗora ɗin da anka yi mishi magana cewa ya yi shi addu'a yake nema wa mamaci. Addu'ar ba za ta iya jiran awa biyu ba? Haka in anka yi haɗari a hanya, kafin a samu mai kama hannu a ɗaga an samu masu ɗaukar bidiyo goma, mutum kwance tufafinshi a yage, matarshi da 'ya'yanshi za su yi ta cin karo da hoton nan shekara da shekaru.

Kada in cika ku da laifin mutane, an ce laifi tudu ne. Da nake shirya maganar nan na zauna da maƙwabcina, dattijo ne, Baba muke ce mishi, ina ta zuba mishi labarin Alhajin tsire da mai sifika, shina ta dariya. Da na gama nac ce Baba ni dai Alhamdulillahi ban san na takura ma kowa ba a layin nan. Ya yi shiru, ya gyara hula, yac ce "zo ka gani". Ya ja ni bayan gidana inda bututun ruwan wankanmu ke fita, ashe tun da na gyara bayi bara waccan ruwan ba ya bin lambatu, gindin katangarshi yake kwanciya, katangar ƙasa, ta jiƙe ta yi kore har ta fara zubewa daga ƙasa, ya jera duwatsu ya tare. Damina biyu. Nac ce haba Baba, mi ya hana ka gaya mani tun tuni? Yac ce "to ai ba komai".

Mai gyaran famfo zai zo ranar Asabar, ya ce in tanadi bututu biyu da buhun siminti guda.